Daga Ɗakin Duhu zuwa Kwamfuta: Sana'ar Hoto da Gyaransa a Kaduna

Har yau, wanda ya shiga shagon mai hoto a Unguwar Kanawa cewa yake yi a "wanke" masa hoto, alhali kuwa aikin ya daɗe da rabuwa da ruwa da sinadari. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan canji, da nuna abin da ya jawo wa manazarcin tarihi.

A shekarar 1839 aka bayyana dabarar Daguerre ta ɗaukar hoto a Faransa. Kafin ƙarshen wannan ƙarni sana'ar ta zauna a bakin tekun Nijeriya, inda J. A. Green ya yi suna a Bonny. A Kaduna kuwa, bunƙasarta ta biyo bayan mayar da garin hedkwatar Arewa a 1917, domin ofisoshi da barikoki da makarantu duk suna bukatar hoton shaida. Ita kanta Unguwar Kanawa tana maƙwabtaka da tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wadda aka kafa a 1964. Hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a 1956, da fitowar jaridar New Nigerian a 1966, da hawan FESTAC na 1977, duk sun ƙara wa masu kyamara daraja a garin.

Ya kamata a lura cewa gyaran hoto tsohon abu ne. Mai hoton dauri yakan wanke fim a ɗakin duhu, ya sa tsinin fensir ya rufe tabo ko ƙurji, wani lokaci ma ya shafa launi da hannu. Sai dai gyaran ba ya nisa, kuma fim ɗin yana nan a ajiye, ana iya komawa gare shi.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta aiki da fim. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, Kodak kuwa ya bayyana karyewar arzikinsa a 2012. Jarin mai hoto ya koma kyamara da kwamfuta da injin bugawa da janareta. Tun da waya ta ƙwace hoton yau da kullum, abincinsa ya taƙaitu ga bikin aure da suna da hoton fasfo, kuma gwanintar gyara ce take kawo ciniki. A kan haska fatar amarya, a sauya bangon ɗaki, a wasu lokuta har a shafe tsagar gado daga fuskar dattijo.

A nan matsalar take. Tsaga da kitso da sutura da kayan ɗaki su ne hujjojin da manazarci yake karantawa a jikin hoto. Idan an gyara, aka kuma goge na asali don a sami wuri a kwamfuta, to hujjar ta tafi ke nan. Saboda haka ya dace masu sana'ar su riƙa adana hoton asali tare da kwanan wata da wurin ɗauka. Haka kuma ya kamata Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna su nemi tsofaffin fina-finan shaguna tun gara da damina ba su cinye su ba.