Kwantak da Kunne: Tsohon Bakaniken Ƙaura Ya Ajiye Sifana

Wani yaro ne cikin masu koyon aiki ya zaro ɗan lanƙwasasshen ƙarfe daga tsohon gwangwanin madara, ya ce, "Baba, wannan fa na mene ne?" Kwantak ne. Dattijon, wanda tun zamanin Udoji yake gyaran babura a Sabon Garin Ƙaura Namoda har ido ya tilasta masa barin aiki, ya ce ransa ya sosu ƙwarai. Yaron ba shi da laifi, don a injinan da ake kawo masa ba ya ganin irinsa. Amma a wurin dattijon, wannan ɗan ƙarfe shi ne rabin sana'ar.

Ya fi son ya fara labari da maigidansa, wani Bayarabe da ya yi aikin fita a jirgin ƙasa. Ƙaura ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya iso a 1929, kuma tashar ta jawo masu aikin ƙarfe daga kudu. Wannan mutum ya zo wa babur da tarbiyyar reluwe. Ba ya yarda a taɓa ƙusa da guduma, ba ya yarda a ajiye fistan a ƙasa. Sabon yaro sai ya daɗe yana wanke kaya da kananzir kafin a bar shi ya leƙa cikin maganeto.

Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, sai gari ya cika da babura. Malaman firamare, malaman gona da duba-gari duk suka hau. Mai ƙarfi ya sayi Honda CD175 mai silinda biyu, daga baya Roadmaster. Mai matsakaicin hali ya ɗauki Yamaha YB100 ko Suzuki A100 masu hayaƙi, waɗanda Yamaco da Boulos ke haɗawa a Legas. A shekarar ce ma Honda ta fito da CG125, injin da ta tsara musamman don ƙasashen da mai babur ba ya juyen baƙin mai a kan lokaci. Dukansu da kwantak suke ba da wuta.

A nan dattijon ya fi daɗewa. Za a goge bakin kwantak da samfefa mai laushi har tabon ƙuna ya fita, a saita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Sai a yago siririyar takardar cikin kwalin sigari a maƙala tsakanin bakunan biyu, a riƙa juya maganeto a hankali da hannu ɗaya, ɗayan yana jan takardar. Daidai lokacin da ta suɓuce, a nan wuta ke tashi, kuma dole alamar F ta Honda ta zo saitin layinta. In wutar ta yi gaggawa, kik zai mayar wa mutum da martani a ƙafa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa. In ta yi latti, babur ya yi sanyin jiki, salansa ta ɗau zafi. Bayan takarda sai kunne. Maigidan nasa kan juya baya, ya sa a ba da totur sau biyu, ya faɗi ko wuta ce ko bawul ko kafireto, kamar ungozomar da ke gane yunwa daga kukan jariri.

Maganar kafireto ta karkatar da shi zuwa wata Alhamis ta hunturu, ranar kasuwar Shinkafi, wadda bai damu da tuna shekararta ba. Wani ɗan tireda ya bi ta Moriki da A100 ɗauke da kaya, babur na shaƙewa, ya dawo yana rantsuwa an lalata masa inji. Da aka kwance fulogi sai ga shi baƙi ƙirin. Ƙurar hanya ce ta toshe filta, iska ta ragu, mai ya yi yawa. Aka wanke filta, aka cire salansa aka gasa ta a wuta har daskararren hayaƙin ciki ya zube, babur ya koma garau ba a sayi komai ba. Launin fulogi, in ji shi, ba ya ƙarya. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙi yawan mai, fari fat kuwa ƙarancin mai ne, kuma shi ke huda fistan.

Gudu bai taɓa zama abin alfaharin masu gyaran wannan yanki ba, ƙarfin ja suke nema. Wanda zai tsallaka yashin kogin Gagare da rani, ko ya shiga ƙauyukan Zurmi da buhun gero a baya, ƙara masa haƙora ake yi a faifan sarƙa na baya, a rage wa taya iska kaɗan, a ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya har rim ya daina rawa. Sauran aikin na mahayi ne: ya ja jiki baya, kada ya saki totur, kada ya damƙi birkin gaba a cikin yashi.

Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabon babur ya gagari albashi, kuma a ganinsa a lokacin ne sana'ar ta kai ƙololuwa, don komai sai an raya shi. Daga baya Jincheng da 'yan'uwansa suka shigo da araha, kabu-kabu ta bunƙasa, Bajaj Boxer ya zo ya mamaye hanya. Ba ya kushe su; ya yarda ba su da shan mai, kuma akwatin CDI da ya maye gurbin kwantak ba ya buƙatar saiti. Ƙorafinsa a kan yaran yanzu yake. In babur ya ƙi tashi sai su canza fulogi, su canza kwayil, su canza akwatin, har a dace, mai babur kuma ya biya kuɗin duka ukun. A nan marubucin wannan shafi yana bayansa, domin manomin da ya sayar da akuya ya zo gyara ya cancanci a gano masa ciwon kafin a buɗe kwalin sabon kaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci masa rai. Babur da a da ake yi wa ado da madubi da tuntu, a yi rakiyar amarya da shi, yau ƙararsa da dare tsoro take jawowa a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, saboda 'yan bindiga sun mai da shi abin hawansu. A Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare. Ciniki ya tsaya cak a gareji, kuma da yawa daga cikin yaran da ya horar suka tattara kayan aikinsu suka koma Gusau da Kano. Biyu daga cikinsu ne kaɗai suka iya saitin kwantak, kuma su yake tura wa duk wanda ya zo masa da tsohuwar Roadmaster.