Asalin Tallafin Gwamnati ga Ƙungiyoyin Makaɗan Gari a Birtaniya

A garuruwa da yawa na Birtaniya akwai ƙungiyoyin makaɗa waɗanda malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan ofis da tsofaffin da suka yi ritaya suke haɗuwa a cikinsu da yamma, suna gwajin kiɗa don sha'awa kawai, ba don neman abinci ba. Irin wannan ƙungiya ita ake kira okestira, wato taron makaɗa da kan kai mutum hamsin ko fiye, wasu da gogen Turawa manya da ƙanana, wasu da sarewa da ƙaho, wasu da ganguna, dukansu suna bin rubutaccen kiɗa a ƙarƙashin jagora guda. Kowace shekara sukan tsara zangon wasanni, wato jerin taruka uku ko huɗu da za a yi a gaban jama'a daga kaka zuwa bazara, kuma duk da cewa makaɗan ba sa karɓar lada, zangon yana cin kuɗi, domin sai an biya hayar zaure da hayar takardun kiɗa, an sallami jagora da ƙwararren baƙon da aka gayyato, alhali kuɗin ƙofa ba safai yake rufe wannan ɗawainiya ba.

A da can, sarakuna da coci ne suke riƙe da makaɗa a Turai, kamar yadda fadojin ƙasar Hausa suka riƙe makaɗan fada da ci da sutura da muhalli. Joseph Haydn, alal misali, ya shafe kusan shekara 30 yana hidima a gidan sarautar Esterhazy. Birtaniya kuwa ta daɗe tana ganin kiɗa al'amari ne na kasuwa da na masu hannu da shuni, ba nauyin baitulmali ba, don haka ƙungiyoyin gari suka rayu da kuɗin membobinsu da kyautar attajirai. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1930, da yawansu suka kasa biyan ƙwararru, abin da ya sa a 1935 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin kiɗa ta ƙasa da taimakon gidauniyar Carnegie, tarayyar da a yau ake kira Making Music.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya jawo gwamnati cikin lamarin. Lokacin da aka rufe gidajen wasa a Satumbar 1939 saboda tsoron bama-bamai, kuma aka kwashe dubban mutane daga birane zuwa karkara, sai hukumar ilimi ta ga cewa ƙarfin zuciyar jama'a na buƙatar abin da zai riƙe shi. A farkon 1940 aka kafa majalisar ƙarfafa kiɗa da fasaha, wadda aka fi sani da CEMA, da fam 25,000 daga gidauniyar Pilgrim, wadda wani attajirin Amurka mai suna Edward Harkness ya kafa a 1930, sannan baitulmali ya amince ya riƙa bayar da fam guda a kan kowane fam da aka samu daga waje. Abin da ya fi dacewa a tuna game da farkon wannan majalisa shi ne yadda ta sa talaka mai son kiɗa a gaba: ta ɗauki malamai masu yawo, suna bin ƙauyuka suna haɗa mawaƙa da makaɗa, suna shirya wasa a coci da zauren gari da ɗakin cin abincin ma'aikatan masana'antu. Imogen Holst, 'yar mai tsara kiɗan nan Gustav Holst, tana cikinsu, kuma yankin kudu maso yammacin Ingila ne aka ba ta.

Al'amarin ya juya a 1942, da masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya zama shugaban majalisar. Keynes mutum ne mai son fasaha da gaske, amma ƙwarewa ita ce abin da ya fi girmamawa, kuma ra'ayinsa shi ne kuɗin ƙasa ya tafi ga waɗanda suka kai matuƙa a sana'ar, domin su zama ma'auni ga kowa. A kan wannan tunani aka gina Hukumar Fasaha ta Birtaniya, wadda ta samu takardar izinin sarauta a 1946, watanni kaɗan bayan rasuwarsa, kuma a shekarar ne aka sake buɗe gidan wasan Covent Garden na Landan, wanda ya daɗe yana cikin masu karɓar kaso mafi tsoka. Keynes ya bar gado guda mai daraja, wato ƙa'idar cewa gwamnati ce ke ba da kuɗi amma wata hukuma mai zaman kanta ce ke zaɓen wanda za a ba, don kada minista ya mai da tallafi ladan biyayya. Sai dai makaɗan gari sun biya farashin wannan sauyi, domin aikin malamai masu yawo ya gushe daga hannun hukumar, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1950 ta rufe ofisoshinta na yankuna.

Abin da ya rage wa ƙungiyoyin sa-kai shi ne tsarin lamunin asara, wanda ma'anarsa ita ce hukuma ta yi alkawarin cike giɓin da ya rage bayan an ƙirga kuɗin ƙofa, har zuwa wani adadi da aka yanke tun kafin zango ya fara. Ta hannun tarayyar 1935 aka daɗe ana raba wannan lamuni, kuma galibi don biyan ƙwararrun da aka gayyato ne, wato ko kuɗin da ya shiga hannun 'yan sa-kai, ƙarshensa aljihun ƙwararru yake komawa. Duk da ƙanƙantarsa, tsarin ya yi amfani ƙwarai, tunda ya ba kwamitin ƙaramar ƙungiya ƙarfin halin ɗaukar kiɗa mai wuya ba tare da tsoron ma'aji zai biya bashi daga aljihunsa ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 1948 ta buɗe wata ƙofa da ta ba majalisun gari damar kashe wani ɗan kaso na haraji a kan nishaɗin jama'a, ko da yake kaɗan ne suka yi amfani da damar sosai. Jennie Lee, wadda ta zama ministar fasaha ta farko a 1964, ta fitar da takardar manufa a 1965 wadda ta matsa a kai fasaha wajen Landan, kuma kuɗin hukumar ya ƙaru ainun a zamaninta.

Wani babban sauyi ya zo a 1994, shekarar da aka raba hukumar gida uku, ta Ingila da ta Sukotlan da ta Wales, kuma aka fara cacar ƙasa, wadda doka ta ware wani kaso na kuɗinta don fasaha da wasanni da ayyukan alheri. Daga wannan asusu ne mafi yawan ƙananan tallafi suke fitowa a yau, abin da ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce, domin masu ƙaramin ƙarfi ne caca ta fi cin aljihunsu. A Ingila, shirin da aka buɗe a 2018 ya ba ƙungiya damar neman daga fam 1,000 zuwa 100,000, bisa sharaɗin ta bayyana kasafinta, ta nuna waɗanda za su amfana, ta kuma samo wani kaso daga wani wuri.

Wannan tsari ya sake buɗe wa makaɗan gari ƙofar da aka rufe musu bayan yaƙi, amma tallafi ne na aiki guda mai farko da ƙarshe, ba na riƙon ƙungiya ba, don haka sakataren da ya samu kuɗin zangon bana dole ya sake cike takardu don na baɗi, yana gasa da cibiyoyin da suke da ma'aikata na musamman don wannan aiki. Fiye da shekara 80 bayan kafa CEMA, manyan ƙungiyoyin ƙwararru ne ke samun alkawarin kuɗi na shekaru a jere, okestirar gari kuwa har yanzu kuɗin membobinta da na ƙofa ne ginshiƙinta.