Masu Kwance Akwati: Tarihin Gyaran Lantarki a Fagge da Sabon Gari

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge zango ce a bayan ganuwa, inda Buzaye da sauran fatake ke sauke raƙumansu. Jirgin ne ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Tun daga nan, duk sabon injin da ya shigo Kano a unguwannin biyu yake fara samun mai sayarwa, a nan kuma yake samun wanda zai kwance shi ya ga cikinsa.

Rediyon farko ta waya ce, a shekarun 1940: akwati maƙale a bango, ba ka da zaɓin tasha. Sana'ar gyara ta kankama ne bayan BBC ta fara Hausa a 1957, rediyon Kaduna ta biyo baya a 1962, sannan ƙananan rediyoyin Japan masu batir suka cika gari. Jarin mai gyara bai taka kara ya karya ba: ayan, dalma, mita, da tarin matattun rediyoyi a ƙarƙashin teburi don cire kayan gyara. Yaro yakan shekara yana miƙa wa maigida sukudireba kafin a bar shi ya taɓa fanel, wato allon nan mai siraran hanyoyin tagulla da Paul Eisler, ɗan Ostiriya, ya fara sa wa rediyo a Ingila a 1936. Ƙwararre kuwa da hanci yake fara bincike, don abin da ya ƙone ba ya ɓoye warinsa.

Talabijin da bidiyo sun yi zamaninsu. Da wayar salula ta zo a 2001, titin Beirut ya cika da masu sayarwa da gyaranta, fanel ya koma kamar kwalin ashana, aiki ya koma na madubin ƙara girma da injin iska mai zafi.

Sai dai duk wannan gwaninta a kan allon da wani ya zana ake yin ta. Masu haɗa inbata da ɗaliban injiniya, su da ya kamata su zana nasu, yawanci Veroboard suke saya, allo mai jerin huji, su bi shi da waya da dalma. In an hau kwamfuta, manhajar Proteus ce, domin ita malam ya koyar.

Alhali akwai manhajar kyauta. Jean-Pierre Charras, malami a Grenoble ta Faransa, ya fitar da KiCad a 1992, kowa na iya saukewa, har ya gyara ta. Ta daɗe da sunan mai wuyar sha'ani: ka zana alamar kaya a nan, ka koma can ka nemo sawun ƙafafunsa, sabon shiga ya gaji ya rufe. A 2013 injiniyoyin cibiyar bincike ta CERN suka sa hannu, suka ƙara mata dabarar da sabuwar hanya ke ture tsofaffi gefe da kanta. Da kamfanin Autodesk ya sayi wata manhajar zanen allo mai suna EAGLE a 2016 ya mai da ita ta biyan kuɗi lokaci-lokaci, jama'a da dama suka yi ƙaura zuwa KiCad. Ga wanda ya san wahalar biyan dala da katin naira, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma zane rabin aiki ne. In an gama, sai a aika fayil zuwa masana'antun Shenzhen ta ƙasar China, a biya kuɗin jigila da sau da yawa ya fi na allon, a zauna jiran makonni. Mai inbatar da ya yi wa kwastoma alkawarin Juma'a ba zai jira ba. Zai hau adaidaita sahu zuwa titin Faransa da ke Sabon Gari, ya dawo da Veroboard kafin azahar.