Jinya a Matsayin Tushen Hidimar Jama'a: Nazarin Rayuwar Rosalynn Carter (1927–2023)

Tsakure

Maƙalar ta nazarci rayuwar Rosalynn Carter, uwargidan shugaban Amurka na 39, ta fuskar gida da ikilisiya da hidimar al'umma. An bi hanyar nazarin tarihin rayuwa, tare da dogaro da rubuce-rubucenta da ayyukan cibiyoyin da ta kafa. Sakamakon ya nuna cewa manufofin da ta yi fafutuka a kansu sun samo asali ne daga aikin jinya da ta fara tun tana 'yar shekara 13.

Gabatarwa

Idan ana maganar matan shugabanni, shekarun mulki ake yawan dubawa. Rosalynn ta rayu shekara 96, huɗu kacal daga ciki ta yi a fadar White House, daga 1977 zuwa 1981. Mafi yawan sauran ta yi su ne a Plains, wani ƙaramin gari a jihar Jojiya da mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce: me ya haɗa aikin da ta yi a gida da coci da wanda ta yi a gaban hukuma?

Gidan da ta taso

An haife ta ranar 18 ga Agusta, 1927, ita ce babba cikin yara huɗu. Mahaifinta ya rasu a 1940 sakamakon sankarar jini. Mahaifiyarta, Allie Smith, ta riƙe gidan da ɗinki, daga baya ta samu aiki a gidan waya. Rosalynn ce ke taya ta ɗinkin, ita ce kuma ke rainon ƙanne. Ba a daɗe ba kakarta ta rasu, kakanta ya dawo gidansu da zama. Kafin ta gama sakandare ta ga jinyar uba, ta ga ta tsoho, ta kuma ga yadda nauyin duka ke sauka a kan mace ɗaya ba tare da albashi ko hutu ba.

Ta auri Jimmy Carter ranar 7 ga Yuli, 1946, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da mahaifinsa ya rasu a 1953, Jimmy ya bar aikin sojan ruwa ya koma Plains don riƙe kasuwancin gyaɗa na gidansu. Bai shawarce ta ba, ita kuwa ba ta so komawar ba, kamar yadda ta bayyana a littafinta First Lady from Plains na 1984. Wannan batu na da muhimmanci, domin masu yabon aurensu na shekara 77 kan tsallake shi. Zaman shawara da aka san su da shi daga baya ginuwa ya yi a hankali, kuma a ofishin gyaɗar ya fara, inda ta riƙe littafin lissafi har ta fi mijin sanin abin da ke kawo riba.

Ikilisiya

A ɗarikar Metodis ta taso, aure ya kai ta Baptis. A 1965, da ikilisiyar Baptis ta Plains ta kaɗa ƙuri'a kan hana baƙaƙen fata shiga sujada, iyalan Carter na cikin 'yan tsirarun da suka ƙi amincewa. Rikici kan wannan batu na cikin abin da ya raba ikilisiyar a 1977, aka kafa cocin Maranatha, wadda suka koma bayan sun bar mulki. A can ta koyar a makarantar Lahadi, ta shiga jerin masu sharar coci idan juyi ya zo kanta, ta kai wa mabuƙata abinci. A 2006 aka naɗa ta dikon, shekara shida bayan mijinta ya yanke hulɗa da babbar ƙungiyar Baptis ta Kudancin Amurka saboda matsayin ƙungiyar kan mata. Abin lura shi ne muƙamin ya zo mata tana dab da shekara 80, bayan ta daɗe tana yin aikinsa.

Daga gida zuwa majalisa

A lokacin yaƙin neman zaɓen gwamna da mijinta ya yi a 1966 ta haɗu da wata mata da ta fito aikin dare daga masaƙa, za ta koma gida ta kula da 'yarta mai taɓin hankali. A wancan zamani asibitin gwamnati na masu taɓin hankali da ke Milledgeville yana ɗauke da majinyata kusan 12,000. Rosalynn ta shiga layin masu gaisawa da ɗan takara, da ta iso gaban mijinta sai ta tambaye shi abin da zai yi wa irin waɗannan mutane. A ganin wannan maƙala, abin da ya ja hankalinta ga matar shi ne ta gane gajiyar da ta sani a fuskar mahaifiyarta.

Da mijinta ya zama gwamna a 1971, ta shiga kwamitin jihar kan lafiyar ƙwaƙwalwa. A 1977 ta zama shugabar girmamawa ta kwamitin shugaban ƙasa kan wannan fanni, domin doka ta hana shugaba naɗa iyalinsa muƙami. A 1979 ta ba da bahasi a gaban kwamitin Majalisar Dattawa, uwargidan shugaba ta biyu da ta yi magana gaban majalisa bayan Eleanor Roosevelt. An sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Oktoban 1980, amma gwamnatin Reagan ta warware mafi yawanta a 1981. Ba ta saki batun ba, har aka samu dokar 2008 da ta hana kamfanonin inshora nuna bambanci tsakanin ciwon ƙwaƙwalwa da na jiki.

Hujja mafi ƙarfi ga matsayar maƙalar ita ce cibiyar da aka kafa da sunanta a 1987 a garin Americus, wadda aikinta shi ne tallafa wa masu jinyar 'yan uwa a gida. Asibiti ya san majinyaci. Wadda ke kwana a gefen gadonsa kuwa ba ta cikin kasafin kowa, kuma ita cibiyar ta sa a gaba.

Akwai sauran ayyuka: gina gidajen marasa galihu da Habitat for Humanity daga 1984, da gangamin rigakafin yara daga 1991. Cibiyar Carter, da suka kafa tare a 1982, ita ce ta shiga yaƙi da kurkunu a Najeriya, inda aka ƙidaya masu cutar sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a 2013. Sai dai adalci ya hana a jingina mata wannan nasara ita kaɗai. Aikin ma'aikatan ƙauyuka ne da gwamnatoci da irin su Janar Yakubu Gowon.

Kammalawa

Dole a amince cewa muƙamin mijinta ne ya buɗe mata ƙofofi. Dubban mata a Jojiya sun yi irin jinyar da ta yi, ba wanda ya rubuta sunansu, kuma su ne ya kamata bincike na gaba ya nema a kundin coci-coci da bakin 'ya'yansu. A Mayun 2023 iyalinta suka sanar cewa tana fama da cutar mantuwa. Ta rasu a gidansu na Plains ranar 19 ga Nuwamba, 2023, aka yi mata jana'iza a cocin Maranatha.