Rigimar lasisin da ta raba fuskar Linux gida biyu

A tsakiyar shekarun 1990, mai amfani da Linux yawanci da hannu yake buga umarni a kan baƙin allo. Tagogi akwai su, amma kowace manhaja da irin kamanninta, maɓallin wannan daban, na waccan daban. Shi kuwa Windows 95 ya riga ya shigo kasuwa da komai a jere.

A watan Oktoban 1996 wani ɗalibin Jami'ar Tübingen a Jamus, Matthias Ettrich, ya yi shela yana neman masu taya shi gina wa Linux fuska guda, wadda ko wanda bai san komai ba zai iya sarrafa ta da linzami. Aka sa mata suna KDE. Don aiki ya yi sauri, suka ɗora ginin a kan Qt, kayan aikin wani kamfanin Norway mai suna Trolltech. Nan fa gizo ke saƙa. Kamfanin ya yarda a yi amfani da Qt a irin wannan aiki ba tare da biyan ko sisi ba, amma bai yarda kowa ya gyara shi ya raba wa jama'a gyararren ba.

Almajiran Richard Stallman, wanda ya kafa aikin GNU a 1983, suka ce ba za ta saɓu ba. Su a wurinsu kuɗi ba shi ne magana ba. Abin da suke so shi ne a bar mutum ya karanta asalin rubutun manhaja, ya canza, ya miƙa wa wani. Ɗora KDE a kan Qt, a ganinsu, gina gida ne a filin aro. A watan Agustan 1997 wasu matasa biyu 'yan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME a kan GTK, kayan da tun farko aka ƙera don GIMP, manhajar gyaran hoto.

Sai masu haɗa Linux suna rarrabawa kowa ya kama ɓangare. Debian ta cire KDE daga rumbunta a 1998. Red Hat ta Amurka ta ɗauki ma'aikata don GNOME, SuSE ta Jamus ta riƙe KDE. Wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya ɗauki Red Hat ɗin ya saka mata KDE, ya kira abinsa Mandrake.

A watan Satumban 2000 Trolltech ya saki Qt a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda dama shi ake ta kuka a kai. Da a ce lasisin ne kaɗai matsalar, da ranar an sasanta. Amma ina! Zuwa lokacin kowane gida ya yi jama'arsa da ɗabi'arsa. KDE na barin mutum ya juya kusan komai yadda ransa ke so, GNOME kuwa, musamman daga 2002, ta shiga rage zaɓuɓɓuka don kada baƙo ya ruɗe. Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya caccaki wannan tsari a 2005, ya shawarci mutane su koma KDE. Bai daɗe a can ba: da KDE 4 ta fito a 2008 ba ta gama nuna ba, ya dawo GNOME, sannan a 2011 ya tattara ya koma wata fuskar, Xfce.

GNOME 3 ce ta kore shi, kuma ba shi kaɗai ba, domin ta kawar da tsohon jerin tagogin da mutane suka saba gani a ƙasan allo. A nan 'yancin da aka yi ta jayayya a kansa ya nuna amfaninsa. Wani ɗan Ajantina ya kwashi rubutun GNOME 2 ya ci gaba da raya shi da sunan MATE, mutanen Linux Mint suka fito da Cinnamon, kuma babu wanda ya nemi izinin kowa. Ubuntu ma ta yi tata, Unity, kafin wanda ya kafa ta, Mark Shuttleworth, ya haƙura ya mayar da ita GNOME a 2017.

KDE kuwa ta sami masauki inda ba a zata ba. Na'urar wasan Steam Deck da kamfanin Valve ya fitar a 2022 Linux ce a cikinta, kuma idan mai ita ya bar wasa ya juya ta zuwa kwamfuta, KDE Plasma ce ke buɗewa.