Ɗan Kaman Amurka da Cinikin Yara

A shekarar 1963, a birnin Washinton na Amurka, wani ma'aikacin talabijin mai suna Willard Scott ya fito cikin talla da kofin takarda a hanci da faranti a ka, ɗauke da hambaga da soyayyen dankali. Sunan da aka raɗa masa shi ne Ronald McDonald. Bahaushen da ya gan shi zai ce ɗan kama ne, domin sana'arsa ba ta wuce ban dariya da yabon abinci ba. Sai dai shi wannan ɗan kama yara aka aike shi ya nema, har cikin ɗakin iyayensu.

Dabarar ta karɓu. A 1971 kamfanin McDonald's ya gina masa gari guda na tatsuniya cikin tallace-tallace, ya yi masa abokai, a 1979 kuma ya baza Happy Meal a faɗin ƙasar: abinci cikin kwali mai zane, da abin wasa a ciki. Masu kamfanin sun san abin da Hausawa ke cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun 1968 wasu iyaye mata a kusa da Boston, cikinsu har da Peggy Charren, suka kafa ƙungiyar ACT don tsabtace shirye-shiryen yara. Hujjarsu ita ce, ciniki ba ya zama na adalci sai ɓangarorin biyu sun san ciniki suke yi, ƙaramin yaro kuwa ba ya bambance mai talla da aboki. A 1978 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta duba yiwuwar haramta tallan talabijin ga ƙananan yara. Kamfanoni suka tayar da ƙura, suna cewa aljihun na iyaye ne, tarbiyya ma tasu ce, jaridar Washington Post kuma ta yi wa hukumar ba'a da cewa tana son zama uwar rainon ƙasa. A 1980 majalisar dokoki ta rage mata iko kan wannan batu, maganar ta mutu.

A shekarar nan ta 1980 lardin Kebek na Kanada ya bi wata hanya, ya hana tallan da ake nufin yara ƴan ƙasa da shekara 13 da shi, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 1989. Suwidin ta yi makamancin haka a 1991 ga ƴan ƙasa da 12.

Daga baya bincike ya ƙarfafa hujjar iyayen Boston. A 2007 masana a jami'ar Stanford suka ba yara 63, ƴan shekara 3 zuwa 5, abinci iri ɗaya cikin takarda iri biyu. Yawancinsu suka ce na cikin takardar McDonald's ya fi daɗi, ko da karas ne ko madara.

Da ƙibar yara ta zama abin damuwa, sai a 2010 ƙungiyar Corporate Accountability International ta nemi a yi wa Ronald ritaya, kamar yadda aka yi wa Joe Camel, raƙumin tallan taba, a 1997. Kamfanin ya ƙi. Birnin San Faransisko ya hana ba da abin wasa kyauta tare da abinci mai yawan kitse da gishiri, amma da dokar ta fara aiki a 2011 sai McDonald's ya sa wa abin wasan kuɗi, santi 10 kacal, ciniki ya ci gaba. Ƙasar Cile ce ta toshe wannan kafa a 2016, ta hana haɗa irin wannan abinci da kayan wasa ko hotunan zane, har damisar nan Tony ta ɓace daga kwalayen Kellogg's.

A Amurka kuwa doka ba ta taɓa Ronald ba. A 2016 kamfanin da kansa ya rage fitar da shi, lokacin da wasu ke sanya shigar irinsa suna tsorata jama'a. Wannan tarihi ya nuna cewa inda aka bar uwa ita kaɗai da kamfani mai dukiyar biliyoyi, kamfanin ke rinjaye, inda kuma hukuma ta shata iyaka, tallan kan ja da baya. Yanzu da talla ta koma cikin wayar salula, tambayar 1978 tana nan: wa ya halatta ya yi ciniki da yaro?