Mai Waswasi a Bakin Iyaka: Nazari kan Hanyar Samun Magani a Jibiya, Jihar Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun hanyar da mai cutar waswasi zai bi ya samu magani idan mazaunin Jibiya ne, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Ta ƙalubalanci ra'ayin da ke ɗora wa malaman addini alhakin jinkirin zuwa asibiti. Ta nuna cewa hukuncin mai yawan shakka a littattafan fiƙihun Malikiyya ya yi daidai da ginshiƙin maganin cutar a likitance, don haka malamin zaure ne ya kamata ya zama matakin farko na kulawa.

1.0 Gabatarwa

Cutar waswasi tana da fuska biyu. Akwai tunanin da ke kutsowa zuciya ba da son mutum ba, ya ƙi fita, akwai kuma aikin da mutum ke ta maimaitawa don ya samu sa'ida. A ƙasar Hausa an fi ganin ta wajen tsarki da salla: mutum ya ƙarar da buta bayan buta bai gamsu da alwala ba, ko ya yi ta sake kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Tun daga 2013 kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ware ta daga cututtukan fargaba, ya ba ta babi nata. Maganinta sananne ne. Tambayar ita ce a ina mutumin Jibiya zai same shi.

2.0 Waiwaye

Weissman da abokan aikinta, a 1994, sun tarar cewa a yawancin ƙasashen da suka duba kusan mutum biyu cikin ɗari kan yi fama da cutar a tsawon rayuwa. Ruscio da wasu, a 2010, sun samu kashi 2.3 cikin ɗari a Amurka. Binciken Gureje da wasu na 2006 kuwa ya samu adadi ƙasa ƙwarai a Nijeriya, amma an yi shi ne a jihohin da ake magana da Yarbanci, don haka ba a hukunta Katsina da shi. A Masar, Okasha da wasu, a 1994, sun nuna cewa tunanin addini da na najasa su ne kan gaba a majinyatansu. Haka Mahgoub da Abdel-Hafeiz suka gani a Saudiyya a 1991, inda salla da wanke-wanke suka mamaye.

Inda muke da ja shi ne ra'ayin da ya zama ruwan dare a rubuce-rubuce kan hanyoyin neman magani a Afirka, wanda ke lissafa boka da ɗan bori da mai ruƙiyya da malamin fiƙihu a rukuni guda, ya kira su duka sanadin jinkiri. Wannan haɗin gambiza ne. An gina ra'ayin a kan majinyatan da suka riga suka isa asibiti, galibinsu masu taɓin hankali mai tsanani waɗanda dangi suka kawo. Mai waswasi ba ya cikinsu. Binciken Kabir da wasu a ƙauyen Ƙarfi na Jihar Kano, a 2004, ya tambayi mutum 250 alamomin taɓin hankali, suka fi ambaton faɗa da ɓarna, sai yawan surutu, sai baƙon hali da yawon banza. Mai waswasi ba ya duka, ba ya yawo a bola, sau da yawa ma shi ne mai sahun farko a masallaci. Wa zai ce a kai shi asibitin mahaukata? Abin lura kuma, a wannan binciken kashi 46 cikin ɗari sun zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi maganin addu'a. Ashe mutane ba su ƙi asibiti ba. Ba su ɗauki waswasi a matsayin abin kai wa asibiti ba ne.

3.0 Hanyar Bincike

Nazarin na tebur ne. An bi binciken da aka wallafa, an duba inda asibitoci suke a kan taswira daga Jibiya, sannan an karanta babukan tsarki da na rafkanuwa a littattafan Ahalari da Risala, aka gwama su da ƙa'idojin magani na zamani.

4.0 Sakamako

4.1 Hanya da nisanta

Jibiya na da babban asibiti na jiha, amma mai neman likitan ƙwaƙwalwa sai ya nufi birnin Katsina, kimanin kilomita 45, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya yake, a kan hanyar da ta yi suna da yawan shingayen bincike da hare-haren 'yan bindiga. Gaba da nan sai Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Dawanau, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Ta ɗaya ɓangaren, daga Magama a tsallaka Ɗan Isa a isa Maraɗi, mutanen dangi ɗaya ne, harshe ɗaya. Sai dai an rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024. Wannan wahalar hanya ta fi cutar da mai waswasi fiye da wasu, domin ƙwayoyin da ake ba shi, irin su fuloksetin da kulomifiramin, sukan buƙaci awo mai yawa da mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke hukunci a kan amfaninsu. Magani ne na komawa akai-akai. Ƙari a kan haka, jagoran mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da shi, bai ware wa cutar babi ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta yi alƙawarin kusanto da kulawa, amma doka ba ta gane cuta a ɗakin duba marasa lafiya.

4.2 Abin da ke cikin littafin zaure

Nan ne gundarin wannan nazari. Mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan Katsina da Maraɗi, ta fi sauran tsanani a kan shakkar tsarki. Wanda ya tabbata ya yi alwala sannan ya yi shakkar ko ta karye, a mashahurin zance sai ya sake. Cuɗa gaɓɓai ma wajibi ne a alwala da wanka. Ɗalibin da ya tsaya a nan, idan yana da ɗabi'ar cutar, ya samu abin da zai riƙe ya azabtar da kansa.

Amma malaman ba su tsaya a nan ba. Ahalari, littafin Abdurrahman al-Akhdari na ƙarni na 16 wanda yara ke farawa da shi, ya keɓe mai waswasi daga wannan hukunci a wurin da ya kawo shi: shakkarsa ba ta wajabta masa sabuwar alwala. A babin rafkanuwa ya umarce shi da ya watsar da abin da ke zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujadar ba'adi kawai. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta riga shi faɗin haka game da wanda shakka ta aure shi a salla. Masu sharhi har ma'auni suka sa: wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, ya shiga wannan rukuni.

A gwama wannan da abin da Victor Meyer ya bayyana a Landan a 1966, wanda ya zama ginshiƙin maganin cutar ba da ƙwaya ba. Ana sa majinyaci ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, a hana shi aikin da ya saba yi don ya huce. Dalili shi ne maimaitawar na kawo sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin nan kuwa shi ke ciyar da cutar, gobe ta dawo da ƙarfinta. Idan ya daure bai maimaita ba, tashin hankalin ya hau ya sauka da kansa, ya kuma ga abin da yake tsoro bai faru ba. Hukuncin fiƙihun ya ƙunshi sassan nan duka. Ya gane mai cutar da ma'aunin yawan aukuwa. Ya bar shi cikin shakkarsa ya shiga salla. Ya hana shi gyara. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya lissafa waswasi cikin cututtukan rai masu buƙatar magani a littafinsa kan lafiyar jiki da rai, don haka kallon abin a matsayin cuta ba baƙo ba ne a ilimin Musulmi.

Akwai abin da malami ke da shi wanda likita ba shi da shi. Babban cikas a wannan magani shi ne majinyaci ya yarda ya bar maimaitawa. Idan likita ya ce masa kada ya sake alwala, zai amsa a zuci cewa likita ba shi zai tsaya masa gaban Allah ba. Idan malaminsa ya buɗe Ahalari ya ce, «Malam, sallarka ta yi, sakewar ce saɓa wa hukunci», tsoron zunubin da ke tura shi ga buta ya koma yana hana shi. Muna ganin wannan ya isa a daina kiran irin wannan malami sanadin jinkiri.

Sai dai a rarrabe. Ba kowane taimakon malami ne magani ba. Wanda ke amsa tambaya ɗaya sau goma a yini, yana tabbatar wa mai tambaya cewa bai yi ridda ba, ya zama buta ta biyu. Haka wanda ya ce aljani ne ya ɗora ruƙiyya a kan ruƙiyya, ko ya ƙara wuridi mai ƙidaya, ya ba cutar sabon abin maimaitawa. Ko sujadar ba'adi na iya komawa haka idan ba a kula ba. Abin da ake buƙata shi ne malami ya ba da hukunci sau ɗaya, ya ƙi sakewa, ya san lokacin da zai ce a je asibiti: idan abin na cin fiye da sa'a guda a yini, ko ya hana sana'a, ko baƙin ciki ya shigo, balle tunanin kashe kai. Haɗin gwiwa irin wannan ba sabo ba ne a Nijeriya. Likitan ƙwaƙwalwa Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro tun 1954, kuma gwajin da Gureje da wasu suka wallafa a 2020, a Ibadan da Kumasi, ya nuna haɗa masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci ya inganta lafiyar masu taɓin hankali. A Jibiya abin da wannan ke nufi shi ne a horar da ma'aikacin jinya a babban asibiti ya iya gane cutar ya kuma ci gaba da ba da ƙwayar da likitan Katsina ya rubuta, malaman zaure na ɓangarori biyu na iyaka su riƙa turo masa mutane.

5.0 Iyakokin Nazari

Za a ce nazarin bai zanta da majinyata ba, kuma haka ne. Za a ce hukuncin ya shafi ibada kawai, bai taɓa mai duba ƙofa ko mai ƙirga kuɗi sau ashirin ba, kuma gwajin Ibadan da Kumasi a kan wata cuta aka yi shi. Mata ma ba su cika samun zama gaban malamin zaure ba, sai ta hannun malaman Islamiyya. Waɗannan dalilai ne na a gwada tsarin a Jibiya da Ɗan Isa, a auna sakamako da ma'aunin Yale-Brown na 1989 bayan an mayar da shi Hausa.